Bindiga Uku a Kan Tabarmar Baba

Sallama gare ku 'yan'uwa, ku matso ku ara mini kunnuwanku, don wallahi in ban amayar da abin da ke cikina yau ba kumbura zan yi. Tun da na dawo daga bakin rafi ko ruwa ban sa a bakina ba. Inna sai safa da marwa take yi a ƙofar ɗakina, wai in fito in ci tuwo. Tuwon me? Ni da aka gama da ni a tsaye, a gaban rabin mutanen unguwa.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Zinariya, 'yar Malam Nagoda maharbi, nan Tudun Wadan Zariya, gidan nan mai ƙahon gwanki a saman zaure. Wanda ya jawo mini wannan takaicin kuwa Kofur Salmanu ne, sojan bariki, dogo, baƙi, mai wushirya, mutumin da in ya yi murmushi sai in manta abin da aka aike ni saye. Ina son sa, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma yau da zan same shi shi kaɗai, da sai an ƙwace shi a hannuna.

Gidanmu akwai wata al'ada tun zamanin kakan Baba. Duk wanda ya zo neman 'yar gidan, in an gama gaisuwa da binciken asali, sai a rataye farar ƙwarya a reshe, a shimfiɗa masa bindigogin gidan, ya zaɓi ɗaya da hannunsa ya harba. Harbi ɗaya tak. In ya fasa a sa rana, in ya kuskure ya je ya dawo baɗi. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Mijin yayata, mai sayar da gishiri, wanda ko kaza bai taɓa harbi ba, a bayan gida aka rataye masa tasa, kusa ƙwarai har kana iya jifanta da takalmi. Ya rufe ido ya harba, ƙwarya ta tarwatse, aka yi dariya aka ci goro.

Shi kuwa Kofur 'yan barikinsu ne suka cuce shi. Kullum suna bakin kasuwa suna zuga shi, wai duk cikinsu babu mai idonsa, wai a filin koyon harbi ko Baturensu ba ya kama ƙafarsa. Magana ta yi ta yawo har ta faɗa kunnen Baba.

"Au, ashe gwani ne?" in ji Baba, yana shafa gemu. "To ai gwani ba a rataye masa ƙwarya a bayan gida, raini ne. A kai ta hayin rafin Kubanni, jikin ɗorawar nan ta gonar Sabo."

Kun dai san Kubanni a tsakiyar damina, ta cika ta batse. Ɗorawar ma ba a bakin ruwa take ba, tana can ciki bayan gonar dawa. Mutum in yana tsaye a gindinta, daga wannan gaɓar bai fi tsawon yatsa ba.

Da lokacin zaman lafiya ne da sai in ce to, in ya kuskure baɗi ma rana ce. Amma Turawa sun ɓata da 'yan'uwansu Jamus, an ce ranar Alhamis ɗin nan za a loda su Kofur a jirgin ƙasa zuwa yaƙi can wajen Kamaru. In ba a ɗaura aurenmu kafin su tashi ba, sai yaushe? Inna kuwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Rannan ina tankaɗe ta tsaya a kaina.

"Ki ji da kyau. Sa'anninki duk suna ɗakinsu, wasu har da goyo. In an ɗaura, ke matar soja ce, ki yi ta jira ba wanda zai ce uffan. In ba a ɗaura ba, ba zan zuba ido ki tsofe mini a gida kina jiran wanda ba a san ranar dawowarsa ba. Masu sallama a ƙofar nan ba su ƙare ba."

"Inna, ni fa ban ce ina son masu sallama ba."

"Ni ma ban tambaye ki ba. Tankaɗe."

To yanzu bari in gaya muku zancen bindigogin, don nan ne kan maganar. Baba bai da ɗa namiji, ni ce 'yar hannunsa. Tun ban kai tsawon turmi ba nake goge masa su da tsumma da man kaɗe, ni ke shanya masa albarushi in ya yi sanyi, ni ke zama gefe in ya dawo daga daji yana ba abokansa labari. Saboda haka na san halin kowacce kamar yadda na san halin tukwanen Inna.

Ta farko ita ce Ta Gado, wadda ya gada wurin ubansa. Doguwa ce ta kusa kai Baba tsawo, an naɗe ta da jan ƙarfe da layu, bakinta kuwa babban yatsa na shiga ya yi wasa. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a zuba guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Irin wadda mutane ke ce wa harba-ruga ce, amma kada ku kuskura ku faɗi haka a gaban Baba. A kusa ba ta da wasa, tana kada ɓauna. Da nisa kuwa sai abin da Allah ya yi, ƙarafan kowanne ya kama gabansa.

Ta biyu gajeriya ce mai nauyi, wani falke ya kawo ta daga Barno. Harsashinta kauri gare shi, dalma ce zalla, in ta tashi sai ta bar wa mutum shaida a kafaɗa. Tana kai nesa fiye da Ta Gado, amma nauyin harsashin ke cin ta, tun bai isa ba ya fara sunkuyawa ƙasa. Sai wanda ya daɗe da ita ya san yadda zai ɗaga hancinta sama da abin da yake so.

Ta uku ita ce siririyar. Wani Baturen hanyar jirgi ne ya bar wa Baba ita, lokacin da ake shimfiɗa dogo Baba yana harbo musu nama. In ka leƙa cikinta ta wajen haske za ka ga wasu tsagogi sun murɗe tun daga gindi har baki. Harsashinta bai fi ɗan ƙaramin yatsana ba, amma miƙewa yake yi sak, ba ya gajiya da wuri. A bayanta akwai wani ɗan tsani na ƙarfe da ake ɗagawa gwargwadon nisan abu. Baba bai cika son ta ba, harsashinta ma saura guda ɗaya ya rage masa. Amma ko makaho ya san ita kaɗai ce za ta kai ɗorawar nan.

Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, tana sayar da fura a ƙofar bariki, ita ce mai kai mini saƙo. Na same ta tana dama wa wani, na ja ta gefe.

"Gwaggo, ki ce masa siririyar. Kada ya dubi doguwa, kada ya dubi gajeriya. Siririyar."

"Oh ni Talatu! 'Yan matan yanzu. Mu a zamaninmu ko sunan saurayi ba ma iya kamawa, ke har bindiga kike zaɓar masa."

"Gwaggo don Allah."

"Na ji. Siririya. Sai ka ce amarya zan zaɓo masa."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Da ya zo zance jiya da la'asar, muna tsaye gindin durumin ƙofar gida, yana cikin kakinsa da jar dara da jar ɗamara, ƙafafun nan an naɗe su tsaf har gwiwa, ko gaisuwa ban bari ya ƙarasa ba.

"Kofur, Gwaggo ta isar?"

"Ta isar."

"Me ta ce?"

"Ta ce siririyar."

"Maimaita in ji."

Ya yi dariya har wushiryar ta fito. "Zinariya, ko sajenmu bai tsare ni haka ba. Kwantar da hankalinki. Irin wannan bindigar ce a kafaɗata kullum, harsashinsu ma ɗaya. Nisan nan na auna shi da ido tun shekaranjiya. In na ɗaga tsanin daidai, na lura da iskar da ke bin rafin, ƙwaryar nan ta gama yawo."

"To alhamdu lillahi."

Ya murza gefen ɗamararsa. "Amma in Baba ya nuna wata yake so in ɗauka fa?"

"Ba ya nunawa. Kai ke zaɓa, haka al'adar take."

"To."

Wannan "to" ɗin ba ta yi mini ba ko kaɗan. Don na san shi. Mutumin nan in ya hango Baba daga nesa, tuɓe takalmi yake ya durƙusa a cikin taɓo, ba ya tashi sai Baba ya sha kwana. Tunda ya fara zuwa gidanmu bai taɓa ganin ƙwayar idon Baba ba. Rannan Baba ya ce masa ruwa zai sauko, alhali sama fes ko gajimare babu, ya ce, "Ƙwarai kuwa Baba, ga shi nan ya haɗo." Kowa yabon kunyarsa yake, har ni ma da can ina jin daɗi.

Yau da hantsi maza suka gangara bakin rafi. Mata ba a gayyace su ba, amma wa zai hana mutum wanki? Na ɗaura baƙin zanena mai shuni, na yafa fatalar Inna, na sa tozali da 'yan murjanina, don in an fasa ƙwarya kada a gan ni buzu-buzu. Muka ɗauki ƙullin wanki ni da Gwaggo muka zauna kan duwatsu bayan wata sabara, inda muke jin komai. Kafin mu zauna ma mata sun fi goma a wurin, kowacce da ɗan tsumman da take jiƙawa.

Sai ga Kofur ya iso da wani tsohon saje da ke tsaya masa a matsayin uba. Na dube shi na ce inna lillahi. Babbar riga ya aro, fara ƙal, mai hannuwa kamar tabarma, wai don girmama surukai. Wa ya taɓa zuwa harbi da babbar riga?

Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya jera su da hannunsa. Abokansa maharba suna zaune a gefe da tsofaffin unguwa. Can hayi ƙwarya na reto, 'yar fara mitsitsiya, sai ka ƙanƙance ido kake ganin ta. Baba ya dafa Ta Gado, muryarsa ta canza.

"Wannan ita ce uwar gidan nan. Ubana ya riƙe ta, ni na riƙe ta. Ita ta ciyar da mu shekarar yunwa. Ɓaunar da ta kashe mutum biyu a dajin Galma, wannan ce ta kwantar da ita. Duk wanda ya shigo zuri'ar nan ya san darajarta."

Maharba suka ce, "Haka ne, haka ne."

Ya nuna gajeriyar da haɓa. "Wannan ta Barno ce, ba laifi, tana da zuciya." Sannan ya ture siririyar da ɗan yatsan ƙafa. "Wannan kuwa ta Nasara ce, ta masu tsoron matsawa kusa da nama. Harsashinta kamar tsinken sakace. To yaro, ga su nan. Zaɓi."

Kofur na durƙushe, kai a ƙasa. Na ga hannunsa ya fito daga cikin rigar nan, ya tafi sak wurin siririyar. Na damƙi hannun Gwaggo. Yatsunsa har sun taɓa gindinta. Sai Baba ya yi gyaran murya. Gyaran murya kawai fa, 'yan'uwa, ƙila ma goro ne ya sarƙe shi. Hannun nan ya tsaya cak, ya tsallake gajeriyar ya sauka kan Ta Gado.

"Madalla!" in ji wani tsoho. "Yaro mai tarbiyya."

"Ɗan mutunci ne," in ji wani. "Ya san na gaba."

Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ciki. Tarbiyya! Tarbiyya ce za ta haye da guntun ƙarfe Kubanni? Gwaggo tana ta cewa, "Wayyo hannuna, sake ni, 'yar nan za ki karya ni."

Aka ɗura albarushi, aka zuba ƙarafa, aka danna. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga ya zame, ya sake naɗewa ya sake zamewa. Ya ɗaga hancin bindigar sama sosai, na san yana ƙoƙarin ya taimaka mata ne, shi ma ya san ba za ta kai ba. Ya daɗe yana aunawa. Sannan ya ja kunama.

Daram! Hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse, wani jariri ya tsala kuka a bayanmu. Da hayaƙin ya yaye sai muka ji tsulum, tsulum, ƙarafan suna faɗawa ruwa, ko gaɓar can ba su taɓa ba. Ƙwarya na nan tana retonta lafiya lau. Hannun rigar aro kuwa ya babbake, yana ta kakkaɓewa.

Baba ya ce, "To. Allah bai nufa ba. Sai baɗi."

Baɗi! Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwaggo ta cafko fatalata, na bar mata ita a hannu. Na ratsa sabarar nan kaina ba lulluɓi, hannuwana duk kumfar sabulu, na shiga tsakiyar maza. Na ji mata suna salati a bayana, wata tana cewa, "Ta haukace." Na sunkuya na ɗauki siririyar, na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ka yi mini rai. Kowa a nan ya san Ta Gado ba ta kai can. Kai ma ka sani. Kunyarka ce ta sa ya ɗauke ta. A ba shi wannan."

Wani maharbi ya ce, "Kai! Nagoda, 'yarka ce wannan?"

Baba bai kula shi ba. Ya daɗe yana kallona, ban ga fushi a fuskarsa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Na juya na miƙa wa Kofur bindigar.

"Karɓi."

Ya mai da hannuwansa baya.

"Kofur, karɓi mana!"

"Zinariya, mai da ita," ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa na kan tabarma. "Baba bai ce ba."

Wallahi hawaye ne suka zubo mini, na takaici, ba na tausayi ba. Ni mace na yar da kunyata a gaban duk dattawan Tudun Wada, gobe da ni za a yi hira a kowace rijiya, shi kuwa namiji, sojan da za shi gaban harsashin Jamus, ya kasa miƙa hannu.

Sai Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da harsashin nan guda ɗaya, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu kowa na gani.

"Tunda aka kafa gidanmu ba a taɓa harbi biyu ba," in ji shi. "Amma kuma ba a taɓa samun 'yar da ta fito ta roƙa ba. Soja, ɗago kanka."

Kofur ya ɗago kaɗan, iyakar gemun Baba.

"'Yata ta faɗi nata. Saura kai. Ni ba da ita zan yi magana ba, da kai zan yi. Wace bindiga ce za ta kai can? Faɗi da bakinka, a gaban mutanen nan, in ba ka."

Jama'a, ƙofa ce fa Baba ya buɗe masa, wangwam. Kalma ɗaya ake nema. Tsohon sajen yana zungurinsa da gwiwar hannu. Gwaggo daga bayan sabara ta manta da kanta tana cewa, "Siririyar, ɗan nan, siririyar!" Ni kuwa bakinsa kawai nake kallo, ina karanto duk addu'ar da na iya. Ya dubi bindigar da ke hannuna, ya dubi Ta Gado da ke kwance tana hayaƙi, gumi na bin fuskarsa. Ya buɗe baki.

"Duk wadda Baba ya ga ta dace."

Baba ya yi ajiyar zuciya. A hankali ya mai da harsashin aljihu, ya karɓi bindigar daga hannuna, ya sa aka naɗe tabarma.

"Allah ya kiyaye hanya, soja," in ji shi. "Allah ya dawo da ku lafiya." Ya dube ni. "Ke kuma je ki ɗauki lulluɓinki."

Haka aka watse. Kofur na nan durƙushe da ƙonanniyar rigarsa har muka haye tudu, ban waiwaya ba, Gwaggo ce ta gaya mini. Da muka iso gida Inna ta riga ta ji komai, ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To, kin gani da idonki." Wannan ta fi mari zafi.

Ɗazu Gwaggo ta leƙo, wai ya aiko a ba ni haƙuri, wai ba zai iya kallon tsoho ya ce masa bindigar ubansa ba ta isa ba. Na ce ta koma ta ce masa na ji, ya kyauta, ya auri kunyar tasa su tafi Kamaru tare. Ta ce ba za ta faɗi haka ba. Na ce to ta ce masa kada ya kuskura ya yi nisa da ƙofar bariki gobe.

Don ni ban gama ba. Ƙwaryar nan ba wanda ya haye ya kwance ta, tana can tana reto. Jirgi sai Alhamis. Harsashin kuwa yana aljihun rigar Baba, kuma duk gidan nan ni kaɗai ke wanke rigunansa.